Baƙaƙen fata sun cika finafinan Amurka, shin rayuwarsu ta gyaru ke nan?

Tambaya: Malam, a 'yan shekarun nan idan na kunna fim ɗin Amurka sai in ga baƙar fata ne jarumi, ko alƙali, ko likita, ko ma shugaban ƙasa, ga shi kuma suna karɓar manyan kyaututtuka. Shin wannan yana nufin wariyar launin fata ta kau a can, kuma baƙaƙe sun kamo fararen fata a arziki?

Amsa: Ɗan'uwa, abin da idonka ya gani gaskiya ne, amma hukuncin da kake son ɗorawa a kansa ya fi ƙarfinsa. Fuskar da ake sakawa a gaban kyamara abu ne da mutum goma za su iya zama a ofis su sauya shi cikin shekara ɗaya, idan sun hango riba ko sun ji tsoron surutun jama'a. Dukiyar iyali kuwa, wato gida da fili da jari da abin da uba zai mutu ya bar wa 'ya'yansa, ana tara ta ne daga kaka zuwa jika, kuma wanda aka hana kakansa tarawa ba ya farfaɗowa don an ba wani mai kama da shi kyautar Oscar. Na farkon ya yi nisa ƙwarai. Na biyun yana tafiyar hawainiya, a wasu fannonin ma tsaye yake cik tun shekarun 1980.

Ba na so ka ɗauka ina raina canjin da aka samu, domin duk wanda ya san inda aka fito ba zai raina shi ba. Fim na farko da ya yi gagarumar kasuwa a Amurka shi ne The Birth of a Nation na D. W. Griffith a 1915. Fararen fata aka shafa wa baƙin fenti suka fito a matsayin baƙaƙe, aka nuna su a matsayin jahilai masu farautar matan Turawa, 'yan ƙungiyar Ku Klux Klan mai ƙyamar baƙar fata kuma su ne gwarazan da suka ceci ƙasa. An haska shi a Fadar White House zamanin Shugaba Woodrow Wilson, kuma a shekarar ne ƙungiyar ta sake farfaɗowa a jihar Jojiya. A 1940 Hattie McDaniel ta zama baƙar fata ta farko da ta ci Oscar, saboda fitowar da ta yi a matsayin baiwar gida a Gone with the Wind. Otal ɗin da aka yi bikin a Los Angeles ba ya karɓar baƙaƙe, sai da aka nemi alfarma kafin a bar ta ta shiga, aka kuma zaunar da ita a wani ɗan teburi can gefe, nesa da abokan aikinta. Bikin fara nuna fim ɗin a Atlanta ma ba ta samu halarta ba. Bayan ta ci kyautar ta ci gaba da fitowa a 'yar aikin gida, domin shi kaɗai ne rol ɗin da ake ba ta. Sai da aka yi shekara 51 kafin wata baƙar mace ta sake cin Oscar a fagen wasa, wato Whoopi Goldberg a 1991. Daga wannan hali zuwa yau da Denzel Washington ko Viola Davis ke jan fim da sunansu, tafiya ce mai tsawo, kuma da gumi da jinin masu fafutuka aka yi ta.

A rayuwa ta zahiri ma an matsa. A 1959 kimanin kashi 55 cikin ɗari na baƙaƙen Amurka suna cikin talauci bisa ma'aunin gwamnati, a 2022 adadin ya sauko zuwa kusan kashi 17. Dokar 'yancin ɗan ƙasa ta 1964 da ta zaɓe ta 1965 da ta gidaje ta 1968 sun rushe wariyar da ke rubuce a doka. Wanda ya ce babu abin da ya sauya bai yi wa tarihi adalci ba.

To amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Idan ka bi tarihin Hollywood a tsanake za ka ga fitowar baƙaƙe ba hawa take yi a hankali kamar matakala ba, zuwa take yi ta koma, kuma kusan kullum zuwan nata yana dacewa da lokacin da kamfanonin ke da wata buƙata. A 1964 Sidney Poitier ya ci kyautar gwarzon jarumi. A 1967 ya fito a manyan finafinai uku a shekara ɗaya, ciki har da Guess Who's Coming to Dinner, inda ya zama ƙwararren likita mai neman auren 'yar farar fata. A shekarar ne Kotun Ƙoli ta soke dokar da ta haramta irin wannan aure, wadda har lokacin take aiki a jihohi 16. A damunar wannan shekara kuma biranen Detroit da Newark suka kama da wuta, mutum 43 suka mutu a Detroit, 26 a Newark. Kwamitin Kerner da Shugaba Lyndon Johnson ya kafa ya kawo rahoto a 1968 cewa ƙasar tana rabuwa gida biyu, na baƙaƙe da na farare, a ware kuma ba daidai ba. Jarumin da ya fi kowa kasuwa a ƙasar baƙar fata ne, unguwannin 'yan'uwansa kuma suna ci da wuta saboda rashin aiki da cunkoson gidaje da dukan 'yan sanda.

Farkon shekarun 1970 ya fi bayyana abin da nake nufi. Manyan kamfanonin fim sun tafka asara, wasu sun kusa durƙushewa. Fararen fata sun ƙaura daga tsakiyar birane zuwa sababbin unguwanni na bayan gari, sai gidajen sinima na cikin gari suka koma hannun 'yan kallo baƙaƙe. Da Melvin Van Peebles ya yi fim ɗinsa da kuɗi ƙalilan a 1971 ya ci kasuwa, kamfanin MGM kuma ya fitar da Shaft wanda Gordon Parks ya ba da umarni ya kawo riba ninkin-ba-ninki, sai kowa ya ruga. Cikin 'yan shekaru aka zubo finafinai masu yawa na jarumai baƙaƙe, galibinsu na 'yan daba da dillalan ƙwaya da kawalai, galibinsu kuma fararen fata ne suka zuba jari suka kwashe riba. Da kamfanonin suka farfaɗo, suka kuma lura cewa baƙaƙe za su sayi tikitin The Godfather da Jaws ko babu baƙar fuska a ciki, sai aka rufe famfon. Jarumai da dama da suka yi tashe a 1973 sun rasa aiki kafin 1978.

An maimaita a 1991. John Singleton yana ɗan shekara 23 ya fitar da Boyz n the Hood, ya zama baƙar fata na farko da aka saka sunansa a takarar gwarzon darakta. Julie Dash ta fitar da Daughters of the Dust, fim na farko na baƙar mace Ba'amurkiya da ya shiga gidajen sinima sosai, masana suka yaba, amma aka shafe shekaru da dama babu kamfanin da ya ba ta wani fim na sinima ta yi. Shekara ɗaya bayan fim ɗin Singleton, unguwannin kudancin Los Angeles da ya nuna suka ƙone bayan an wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka, mutum fiye da 60 suka rasa rai. A 2002 Halle Berry ta ci gwarzuwar jaruma tana kuka tana cewa an buɗe ƙofa, aka yi shekara fiye da 20 babu wata baƙar mace da ta sake bi ta ƙofar. A 2015 da 2016 kuwa, duk mutum 20 da aka tsayar takarar wasa a kowace shekara fararen fata ne, abin da ya haifar da gangamin OscarsSoWhite a intanet. Binciken jaridar Los Angeles Times na 2012 ya riga ya nuna dalili: kashi 94 cikin ɗari na masu kaɗa ƙuri'ar fararen fata ne, kashi 77 maza. Har zuwa bikin 2025 baƙaƙe shida kacal aka taɓa tsayarwa takarar gwarzon darakta, babu wanda ya ci.

Yanzu mu zo kan kuɗi, domin nan ne zancen ya fi nauyi. Ɗauki Black Panther na 2018, wanda na san shi ne ya fi burge mutanenmu. Darakta baƙar fata, Ryan Coogler, kusan duk jaruman baƙaƙe, Ruth Carter da Hannah Beachler suka zama baƙaƙe na farko da suka ci Oscar a fannin tufafi da tsara dandali. Ya tara sama da dala biliyan 1.3 a duniya, ya kuma ƙaryata tsohuwar maganar da 'yan kasuwar fim suka daɗe suna fakewa da ita, wai fim ɗin baƙaƙe ba ya sayuwa a ƙasashen waje. Duk wannan abin alfahari ne. Amma wa ya mallaki fim ɗin? Kamfanin Disney, wanda ya sayi Marvel, kamfanin da ke da labarin, a 2009 kan dala biliyan 4. Darakta da jarumai sun karɓi ladan aikinsu, mai kauri ma, amma haƙƙin mallakar labarin da sunayen da kayan wasan yara da riguna da duk abin da za a ci gaba da sayarwa nan da shekara 50 na masu hannun jarin Disney ne. An ɗauki yawancin fim ɗin a jihar Jojiya, inda aka ce ya zuba kusan dala miliyan 84 a tattalin arzikin jihar, ya ba mutum sama da 3,000 aiki na ɗan lokaci. Ka auna wannan da biliyan 1.3. Atlanta kuwa, duk da ta zama cibiyar shirya finafinai saboda rangwamen harajin da jihar ke bayarwa, tana cikin biranen Amurka da tazarar mai kuɗi da talaka ta fi faɗi, kuma talakan nan mafi yawa baƙar fata ne.

Mu ma mun san wannan a gida. A zamanin kaset da faifan CD, jarumin Kannywood zai yi suna har yara su bi motarsa, amma 'yan kasuwar Ƙofar Wambai da ke riƙe da bugawa da rarrabawa su ne ke sanin inda riba ta kwana. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Kuma babu mai hankalin da zai ƙirga benaye da motocin da ke cikin finafinan Hausa ya ce ya auna halin da talakan Kano yake ciki.

A 2021 kamfanin bincike na McKinsey ya fitar da rahoto a kan wannan masana'anta. Ya gano cewa baƙaƙe ba su kai kashi 6 cikin ɗari na marubuta da daraktoci da furodusoshin finafinan Amurka ba, alhali sun kai kusan kashi 13 na al'ummar ƙasar. Kashi 92 na manyan shugabannin kamfanonin fim fararen fata ne, a talabijin kashi 87. Waɗannan su ne masu cewa a yi fim ko kada a yi, su ke yanke nawa za a kashe da nawa za a zuba a talla. Rahoton ya kuma nuna cewa finafinan da baƙaƙe ke jagoranta ana ba su kasafi ƙasa da na sauran, duk da ribar da suke kawowa kan kowace dala ba ta gaza ba. Jordan Peele ya yi Get Out a 2017 da dala miliyan 4.5 ya tara kimanin miliyan 255. Ana yawan kawo wannan a matsayin labarin nasara, ni kuma abin da nake gani a ciki shi ne yadda sai baƙar fata ya yi abin al'ajabi da ƙaramin jari kafin a amince masa da babba. Spike Lee, yana kan ganiyarsa, kuɗi suka yanke masa yana tsakiyar haɗa Malcolm X a 1992, sai da ya bi su Oprah Winfrey da Michael Jordan da Magic Johnson da Janet Jackson suka tallafa masa daga aljihunsu kafin ya kammala. Taraji P. Henson ta faɗa da bakinta cewa dala 150,000 aka biya ta a fim ɗin Benjamin Button wanda ya kai ta takarar Oscar. Kuma kada ka manta waɗannan su ne na sama. A yajin aikin 'yan wasa na 2023 ƙungiyarsu mai mambobi kusan 160,000 ta bayyana cewa kashi 86 cikin ɗari ba sa samun dala 26,470 a shekara, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da zai ba mutum damar shiga inshorar lafiya ta ƙungiyar.

Baƙaƙen Amurka sun daɗe da gane cewa mallaka ita ce magana. Oscar Micheaux, ɗan tsofaffin bayi, ya fara shirya finafinansa a 1919, yana bi gida-gida yana sayar wa manoma hannun jari, ya yi finafinai sama da 40, ciki har da Within Our Gates na 1920 wanda ya zama raddi ga fim ɗin Griffith. A unguwar Greenwood ta birnin Tulsa akwai gidan sinima na Dreamland, mallakin wasu ma'aurata baƙaƙe. A 1921 gungun fararen fata suka ƙone unguwar ƙurmus har da sinimar, kamfanonin inshora kuma suka ƙi biyan diyya. A zamaninmu Robert Johnson ya kafa tashar BET a 1980, ya zama baƙar fata Ba'amurke na farko da ya mallaki dala biliyan, amma ta hanyar sayar da tashar ga Viacom a 2001 ya kai wannan matsayi, wato ranar da ya zama biloniya ita ce ranar da tashar ta bar hannun baƙaƙe. Tyler Perry ne ya bi wata hanya dabam: ya riƙe haƙƙin mallakar ayyukansa, ya sayi eka 330 na tsohon barikin soja na Fort McPherson a Atlanta, ya buɗe katafaren sutudiyo a 2019. Masu sharhi da yawa suna kushe ingancin finafinansa, ni ma ba duka nake so ba, amma ta fuskar tambayarka ya fi masu Oscar da yawa muhimmanci, domin shi yake ɗaukar ma'aikata, shi ake biya haya. Matsalar ita ce irinsa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba.

Bar masana'antar fim, ka dubi gidajen mutane. Babban Bankin Amurka yana yin ƙidayar dukiyar iyalai duk shekara uku. A ta 2022, idan aka jera iyalan fararen fata daga matalauci zuwa mai kuɗi aka ɗauki na tsakiya, dukiyarsa bayan an cire bashi ta kai dala 285,000. Na tsakiya a iyalan baƙaƙe yana da 44,900. Ninki shida ke nan da ɗoriya. A kuɗin shiga na shekara tazarar ba ta kai haka ba, kusan dala 53,000 ne a kan 81,000 a 2022, kuma wannan bambanci tsakanin albashi da dukiya shi ne abin da mutane suka fi kasa fahimta. Albashi na wata ne, yana tsayawa ranar da aiki ya tsaya. Dukiya ita ce ke biya wa yaro jami'a ba tare da bashi ba, ita ce kuɗin kafin alƙalami na sayen gida, ita ke riƙe iyali idan ciwo ya zo. Masanin tattalin arziki William Darity na Jami'ar Duke da abokan aikinsa sun nuna cewa iyalin baƙar fata da maigidan ya gama jami'a yakan kasa iyalin farar fata da maigidan bai gama sakandare ba dukiya. Ellora Derenoncourt da abokan bincikenta sun bi lissafin tun daga 1860: a lokacin tazarar ta kusa ninki 60, ta sauko zuwa 10 a wajen 1920, zuwa 7 a shekarun 1950, daga nan ta tsaya a wajen 6, tun shekarun 1980 ma ta fara sake buɗewa. Ka lura da kyau, shekarun da baƙaƙe suka fi yawaita a allo su ne shekarun da tazarar dukiya ta daina raguwa.

Ruwa ba ya tsami banza. A 1865 an yi wa 'yantattun bayi alkawarin eka 40 kowane iyali a gaɓar tekun kudu, Shugaba Andrew Johnson ya soke ya mayar wa tsofaffin iyayengiji filayen. A shekarun 1930 da gwamnati ta shiga harkar lamunin gidaje, an zana taswirar birane aka shafa wa unguwannin baƙaƙe jan launi a matsayin wuraren da bai kamata a ba da bashi ba. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu dokar tallafa wa tsofaffin sojoji ta 1944 ta mayar da miliyoyin fararen fata masu gidan kansu, amma a jihar Mississippi a 1947, cikin lamuni 3,229 da gwamnati ta tsaya wa, biyu ne kawai suka je hannun baƙaƙe. Waɗancan gidaje su ne aka gada, darajarsu ta ninka, jikoki suke cin moriya a yau. Shi ya sa har yanzu kusan kashi 45 cikin ɗari na iyalan baƙaƙe ne ke zaune a gidan kansu, fararen fata kuwa sun haura kashi 70, tazarar da ta fi ta 1960 faɗi, lokacin da wariya a harkar gidaje ba laifi ba ce a doka. Rikicin bashin gidaje na 2008 ya cinye kusan rabin dukiyar iyalin baƙar fata na tsakiya, kuma hakan ya faru ne daidai lokacin da Barack Obama ke shiga Fadar White House. Rashin aikin yi a tsakanin baƙaƙe kusan kullum ninki biyu ne na fararen fata, shekara da shekaru, ko tattalin arziki na bunƙasa ko yana ja da baya. Kusan kashi ɗaya cikin uku na fursunonin ƙasar baƙaƙe ne. Baƙar mace ta fi farar mace yiwuwar mutuwa wajen haihuwa kusan sau uku.

Akwai wani abu da ya fi damuna, shi ne cewa allon ba ya tsaya a kasa nuna gaskiya kawai, wani lokaci rufe ta yake yi. Shirin The Cosby Show, daga 1984 zuwa 1992, ya nuna iyalin baƙaƙe masu wadata, miji likita, mata lauya, kuma ya yi shekaru biyar a jere yana kan gaba a talabijin ɗin Amurka. Malaman jami'a biyu, Sut Jhally da Justin Lewis, sun zauna da rukunonin 'yan kallo suka fitar da sakamako a 1992. Fararen fata da yawa suna ƙaunar iyalin da gaske, amma darasin da suka ɗauka shi ne, tunda waɗannan sun yi nasara, to hanya a buɗe take, baƙar fatar da ya zauna a talauci shi ya so. Wato shirin da aka yi don a goge mummunan hoto ya zama hujjar janye tausayi da adawa da duk wani shirin gyara. Kusan shekara 30 bayan haka masu bincike a Jami'ar Yale, ƙarƙashin Michael Kraus da Jennifer Richeson, suka tambayi Amurkawa: idan iyalin farar fata na da dala 100, nawa na baƙar fata yake da shi? Matsakaicin amsar da aka bayar ya kusa 90. Gaskiyar lissafin a lokacin wajen 10 ne. Kallon kitse ake yi wa rogo, kuma ina da yaƙinin cewa abin da mutane ke gani kullum a allo yana da hannu a ciki. Tambayarka ma, ɗan'uwa, daga wannan rijiya ta fito, kuma ba laifinka ba ne, tunda 'yan ƙasar da kansu sun faɗa ciki.

Wani ɓangaren ya shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin fuskokin da kake gani ba jikokin bayin Amurka ba ne. Chiwetel Ejiofor na 12 Years a Slave, David Oyelowo da ya fito a Martin Luther King a Selma, Cynthia Erivo da ta fito a Harriet Tubman, da John Boyega, duk 'yan Birtaniya ne masu tushen Najeriya. Iyayen Daniel Kaluuya 'yan Uganda ne, Lupita Nyong'o 'yar Kenya ce. Gwanaye ne, kuma muna da haƙƙin yin alfahari da su. Amma Samuel L. Jackson ya taɓa ɗaga maganar ba 'yan Birtaniya rol ɗin baƙaƙen Amurka a 2017, kuma har yau ana muhawara a kanta a can. Kusan ɗaya cikin goma na baƙaƙen Amurka a yau baƙi ne da aka haifa a waje, da yawansu sun shiga da digiri a hannu. Nasararsu ba ta gaya maka komai game da iyalin da kakanninsa suka yi noman auduga a Alabama, aka hana su bashin gida a Chicago. Kyamara launin fata kawai take gani, ba ta nuna tarihin da kowa ya ɗauko.

Duk da haka ba zan ce fim ba ya komai ba. Shirin Roots na 1977, wanda aka ƙiyasta mutum kusan miliyan 100 sun kalli kashinsa na ƙarshe, ya sa Amurkawa da yawa sun fuskanci bauta a karon farko a ɗakunansu. When They See Us na Ava DuVernay a 2019 ya dawo da labarin yara biyar da aka ɗaure bisa ƙarya a New York, ɗaya daga cikinsu, Yusef Salaam, ya ci zaɓen majalisar birnin a 2023. DuVernay ɗin ce kuma ta ɗauki mata zalla su ba da umarni a shirinta na Queen Sugar, da yawansu daga nan suka samu shiga masana'antar. Wannan shi ne irin tasirin da nake girmamawa, domin aiki ne da albashi da ƙwarewa da ke zama a hannun mutane. Yaron da ya tashi yana ganin mai kama da shi a matsayin masanin kimiyya ma ya samu wani abu, ba na musu. Sai dai abin da ya samu ba zai biya masa kuɗin makaranta ba.

Gwaji mafi kusa shi ne abin da ya biyo bayan kisan George Floyd a Minneapolis a watan Mayun 2020. Kamfanoni suka yi ta alkawura, aka buɗe ofisoshin daidaito, aka amince da finafinai da shirye-shiryen baƙaƙe da yawa. Shekara uku kacal bayan haka, a tsakiyar 2023, manyan jami'an da ke kula da wannan fanni a Disney da Netflix da Warner Bros. Discovery da hukumar Oscar, dukansu baƙaƙen mata, suka bar kujerunsu cikin 'yan makonni. A watan Yunin ne kuma Kotun Ƙoli ta haramta la'akari da launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'o'i. Da kamfanonin suka fara tsuke bakin aljihu, shirye-shiryen baƙaƙe da dama na cikin waɗanda aka fara sokewa. Abin da aka ba ka don ana jin kunya, ana iya karɓewa ranar da kunyar ta wuce, kuma wanda ya san abin da ya faru a shekarun 1970 bai yi mamaki ba.

Shi ya sa labarin da na fi bibiya a 'yan shekarun nan ba na kyauta ba ne, na wata yarjejeniya ce. Da Ryan Coogler zai yi Sinners, wanda ya fito a 2025, ya gindaya wa Warner Bros. sharaɗi cewa shi ke da maganar ƙarshe a kan yadda fim ɗin zai fita, zai ɗauki kasonsa tun daga tikitin farko, kuma bayan shekara 25 haƙƙin mallakar fim ɗin zai dawo hannunsa. Daraktoci ƙalilan ne suka taɓa samun irin haka, kamar Quentin Tarantino, kuma an yi ta rubuce-rubuce cewa wasu shugabannin kamfanoni sun tsorata da abin. Labarin fim ɗin kansa na wasu tagwaye ne da suka sayi wuri don buɗe gidan rawa na kansu a garin Clarksdale na jihar Mississippi a 1932, kuma ya tara sama da dala miliyan 360. A 2050 zai zama kadarar da 'ya'yan Coogler za su iya gada, abin da Hattie McDaniel da Sidney Poitier ba su samu ba a finafinan da suka yi musu suna. Clarksdale ta gaske kuwa, garin da mafi yawan mazaunansa baƙaƙe ne kuma yake cikin yankin da ya fi talauci a Amurka, ba ta da gidan sinima ko ɗaya a lokacin da fim ɗin ya fito. Sai da mutanen garin suka rubuta takardar koke, sannan Coogler da kamfanin suka je suka haska musu shi a zauren taron gari na 'yan kwanaki, domin in ba haka ba sai mutum ya yi tafiyar fiye da awa ɗaya a mota kafin ya kalli fim ɗin da aka yi a kan garinsu.